Faifan da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

A gidan Gwaggo Taiba da ke Birnin Tudu, da murfin tukunya ake rufe kwanon tuwo, wani lokaci kuma da wani tsohon faranti mai tsatsa a gefe. Da ba abin magana ba ne, in ba don ita ce matar da ta ɗinka fayafan da ke rufe kwanukan rabin ƙasar Bakura ba.

Yayar mahaifina ce. Gajeriya ce, mai dariya da dukan jikinta, kuma ban taɓa ganin yatsunta da launinsu na asali ba. Yau ja, gobe kore, jibi ruwan ɗorawa, gwargwadon galurar da ta rina kaba da ita. Wurin kakarta ta koyi ɗinkin faifai tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Ta yi aure, ta haihu, ta aurar da 'ya'yanta, mijinta ya rasu, duk basillar ɗinkinta tana hannunta. Ciyawa take tarawa siririya, ta naɗe ta da kaba, ta dinga zagayawa daga cibiya zuwa waje, tana ɗinke kowane zagaye da na bayansa. In faifan ya kai faɗin da take so, sai ta rufe bakinsa, wato ta bi gefen da wani ɗinki mai ƙarfi ta ɓoye kan ciyawar. Sai an rufe baki faifai ke zama faifai.

To daga nan matsalar Gwaggo take farawa, don ba ta iya jin yabo ta riƙe abu a hannunta. Kowa ya san yadda ake yi: baƙo ya yaba abinka, ka ce masa nasa ne, shi kuma ya ce a'a, ya gode, a wuce wurin. Gwaggo rabin farko kawai ta yarda da shi. In ka ce a'a, za ta bi ka har bakin hanya ta cusa maka a jaka. Takan yi na sayarwa in an sa ta, amma sai mai shi ya yi hanzari, don in wata ta riga shi gani ta ce ya yi kyau, sai dai ya jira na gaba.

Taubashinta Gidaɗo, ɗan kawunta, manomin albasa ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun ja wa juna magana ba. Shi ne ya sa mata suna Sarkin Rabo. Ita kuma tana kiransa Ɗan Albasa, ta ce ko bai yi sallama ba idanunta kan gaya mata ya iso.

Malama Lailatu ce ta shigo da sabon abu cikin rayuwar Gwaggo. Malamar zane ce, ita da wasu abokan aikinta suka buɗe wata 'yar cibiya a Talata Mafara, a wani tsohon gida da a da ake tara shinkafa a cikinsa. Gidan Fasaha suke kiran wurin. Sukan nemo masu sana'ar hannu, su ba su ɗakin aiki da abinci da kayan aiki na 'yan watanni, su ce musu su yi abin da ba su taɓa yi ba, ba don kasuwa ba. A ƙarshe a baje ayyukan jama'a su zo su gani. Malamar ta ga wani faifai a ɗakin amarya a Jangebe, ta sake ganin hannu irin wannan a Garbadu, ta yi ta tambaya har aka kai ta Birnin Tudu. Ni na raka malamar daga Mafara, don na gama jami'a ina zaman jiran tafiya bautar ƙasa.

Sai da aka gaisa aka tambayi gida, da gajiya, da hanya, da ruwa, da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda Malama Lailatu ba ta sani ba, sannan ta samu ta faɗi abin da ya kawo ta.

"To mi zan yi can?" in ji Gwaggo.

"Abin da ranki yake so, Inna."

"Raina kullum faifai yake so."

"To faifai, amma irin wanda ba ki taɓa yi ba."

"Kuma a ba ni ɗaki? A ba ni tuwo? Ba ni daka, ba ni ɗibar ruwa?"

"Har da shayi da safe."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Nafisatu, gaya mani gaskiya. Ba asibiti kunka shirya kai ni ba?"

Ranar da za ta taho, matan unguwa suka raka ta har inda ake shiga mota, suka yi alkawarin ranar baje koli za su cika bas su zo. Gidaɗo yana gefe a kan babur ɗinsa.

"Ku zo da tabarmi," in ji shi. "Za ku zauna ku kalli bango. Wagga ko wata ɗari anka ba ta, abin da za ku iske shi na."

"Kai dai ka yi wanka kafin ka zo," in ji Gwaggo.

A gidanmu na Mafara take kwana, da safe in raka ta Gidan Fasaha. Ɗakin da aka ba ta babba ne, mai dogon rufi da taga guda, amma ƙofarsa 'yar siririya ce, daidai shigar mutum da buhu a ka. An tara mata kaba da ciyawa da galura kala-kala, har da sababbin basillu da ta ƙi taɓawa, ta ce ba su san hannunta ba. Sannan Malama Lailatu ta kai ta babban zaure ta nuna mata wani farin bango.

"Nan za a rataya aikinki."

A gefen bangon an manna wani ɗan kwali. Gwaggo ba ta yi boko ba, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na karanta mata: Taiba Umar, Birnin Tudu. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce ita dai rabon da ta ji an haɗa sunanta da na mahaifinta tun ranar ɗaurin aurenta, shi ma labari aka ba ta. Daga ranar, duk safiya sai ta leƙa zauren ta dubi bangon kafin ta shiga ɗakinta.

Faifan farko da ta gama, mai dafa musu abinci ce ta shigo da kwano, ta ce, "Kai, Inna!" Shi ke nan, ta fita da shi a ƙarƙashin mayafi tana ba da haƙuri. Na biyu Tijjani ya samu, wani mai fentin manyan motoci daga Maradun da aka ba ɗakin da ke kusa da nata. Cewa kawai ya yi jan ya zauna. Malama Lailatu ta tara kowa ta roƙe su, don Allah kada a sake yaba aikin Inna sai bayan baje koli. Mutane suka koma shiga ɗakin suna cije leɓe, suna kallon rufi. Bai hana komai ba.

"Na ga yabo cikin idonki," Gwaggo za ta ce. "Ɗauka."

Wata rana Malama Lailatu da kanta ta yi suɓul da baka. Gwaggo ta ɗaga wani mai ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, malamar ta ce, "Masha Allah," sannan ta dafe bakinta. Da aka miƙa mata, sai fuskarta ta washe.

"To na karɓa, Inna. Tunda nawa ne, zan rataya shi a bangonki."

"A'a, Malama. Abin da na ba ki kyauta za ki rataya ƙarƙashin sunana? A ce Taiba ta yi kyauta ta amshe? Kai shi gida ki rufe fura."

Kowace Talata, in Gidaɗo ya kawo albasa kasuwa, sai ya biyo. Ba ya fara zuwa wurin Gwaggo. Zauren yake shiga, ya tsaya gaban farin bangon, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana jinjina kai.

"Sarkin Rabo, aiki ya yi kyau!" zai ɗaga murya. "Wanga fari haka, ke kaɗai kinka iya shi."

Gwaggo takan rama, amma na lura maganar tana yi mata ciwo. Lokaci yana tafiya, bangon yana nan yadda yake. Wata safiya ma ba ta leƙa zauren ba, ta wuce kai tsaye.

Mafitar ta zo ne ba da shiri ba. Wata maƙwabciyar Gidan Fasaha ta shigo gaisuwa, ta tarar da Gwaggo a tsakiyar wani faifai, ta manta da dokar ta yaba. Gwaggo ta dubi faifan da takaici.

"Ayya, kin yi sauri. Da na rufe mashi baki da naki na. Ba a kyauta da wanda ba a rufe ma baki ba, kamar ka ba mutum riga ba wuya na."

Malama Lailatu tana bakin ƙofa. Sai da matar ta fita, ta zo ta durƙusa gaban Gwaggo.

"Inna, alfarma guda nake nema. Kada ki sake rufe baki sai ana gobe baje koli."

Gwaggo ta yi ɗan tunani, ta ce ta yarda.

Abin da malamar take nufi shi ne Gwaggo ta ɗinka fayafai da yawa ta ajiye su ba a rufe ba, in ranar ta zo ta bi su ta rufe. Abin da ba ta sani ba, Gwaggo ba ta taɓa fara sabon faifai alhali na hannunta bai ƙare ba. Haka kakarta ta koya mata, kuma a ganinta wanda ke yin haka bai san darajar aiki ba. An hana ta rufewa, ba ta iya fara wani, hannunta kuma ba ya zama haka nan. Sai ta ci gaba da zagayawa.

Faifan ya wuce murfin kwano. Ya wuce babban tire. Da ya fi ƙarfin cinyarta ta sauke shi ƙasa, ta ƙara wa ciyawar kauri don ya iya riƙe kansa. Da ya ƙara faɗi ta daina juya shi, ita ta koma zagaya shi da 'yar kujerarta. Malama Lailatu ta zo ta gani, ta buɗe baki za ta yi bayani, ta dubi abin da ke shimfiɗe a ƙasa, sai ta rufe bakin. Ta fita ta sa a ƙaro kaba.

"Wane kwano za a rufe da wanga?" in ji Gidaɗo da ya zo. "Ko rijiyar gari anka ba ki kwangila?"

"Bakinka na auna. Har yanzu da saura."

Sai dai wata damuwa ta taso. Duk adon da Gwaggo ta gada, ƙafar kaza da tsani da sauransu, na ƙaramin faifai ne. A wannan faɗin sai suka koma kamar tururuwa a tsakar gida. Ta kwana biyu tana ɗinka farar kaba zalla, tana ƙunƙuni. Tijjani ya leƙo da fenti a goshinsa.

"Inna, mu in jikin mota ya yi mana faɗi, gari guda muke zubawa. Kogi, itace, zaki, duk."

"Ina na taɓa ganin zaki, ɗan nan?"

"Ni ma ban taɓa gani ba."

"Shi ya sa naka ya yi kama da tunkiya."

A makon nan Malama Lailatu ta ɗauki mota ta kai su duka madatsar ruwa ta Bakolori, ta ce masu aikin hannu ma suna bukatar su ba idanunsu abinci. Gwaggo ta yi shekaru tana cin shinkafar da ruwan nan ke shayarwa, amma ba ta taɓa tsayawa daga tudu ta gan shi ba. Ta daɗe a tsaye, mayafinta yana kaɗawa. A hanyar dawowa ta manne da taga tana kallon magudanan ruwa da fadamun shinkafa da kwamin albasa, har direban ya tambaya ko Inna lafiya.

Washegari ta nemi shuɗi. Wanda ke akwai bai yi mata ba, ta ce ya yi kama da rigar 'yan makaranta. Aka aika marina aka rino mata kaba da baba, wata mai duhu, wata mai haske. Ta kewaye faifan da ruwa. Bayan ruwan ta jera koren shinkafa gida-gida, ta bi da jan albasa. Da ta rasa irin ƙyallin da ruwa ke yi da hantsi, ta warware wani tsohon buhun taki ta cusa zarensa tsakanin kabar. Ta ja baƙin layi ta ce hanyar Bakura zuwa Mafara ce, ta ɗora masa 'yan jajayen ƙulle-ƙulle ta ce babura ne. Guda ɗaya ya karkace ya kusa faɗawa cikin shinkafa. Ba wanda ya tambayi na wane ne, kowa ya san babur ɗin Gidaɗo.

Matan da ke zuwa kallo yanzu sun samu 'yanci, suna yabo son ransu, Gwaggo tana cewa, "Bai ƙare ba." Da yawansu sukan zauna su taya ta tsaga kaba, ana hira. Ɗakin ya koma kamar tsakar gidanta na Birnin Tudu.

Ana gobe baje koli, da hantsi, ta rufe baki. Ta yanke kan kabar ƙarshe da haƙori, ta miƙe tana dafa ƙugu. Tijjani ya toshe bakinsa da hularsa. Malama Lailatu ta yi ta nuni da hannu a ɗauka a kai zaure tun wani bai yi magana ba.

Maza huɗu suka ɗaga shi, har da Gidaɗo da ya zo tun ranar don kada a ba shi labari. Suka nufi ƙofa. Faifan ya tsaya. Suka tayar da shi tsaye, ya fi ƙofar tsawo. Suka karkata shi, ya tokare sama da ƙasa. Suka gwada lanƙwasa shi, ya yi wata 'yar ƙara, Gwaggo ta yi wadda ta fi ta. Aka dubi taga, ko kan faifan ba zai shiga ba.

"A yanka shi biyu," in ji Gidaɗo yana haki. "Ta ɗinke a can."

"Kai za a yanka biyu."

Tijjani ya ce a ɗage kwanon rufi a fitar da shi ta sama. Malama Lailatu ta kira mai gidan a waya. Daga inda nake tsaye ina jin amsarsa: ba rufi, ba bango, ko ƙusa kada a cire masa.

Gwaggo ta koma kan 'yar kujerarta ta zauna. Ba ta yi dariya ba. "Gobe suna tahowa," ta ce a hankali. "Bas guda. Su iske bango." Gidaɗo ya dube ta, sai ya shiga gyaran hularsa.

Malama Lailatu ta tsaya tana duban ɗakin, daga rufi zuwa taga, daga taga zuwa bangon da ke fuskantarta. Sannan ta fita. Da ta dawo, ɗan kwalin nan mai sunan Gwaggo ne a hannunta. Ta manna shi a jikin ƙofar.

"Tunda ya ƙi zuwa zaure, zaure zai zo wurinsa. Tijjani, kana da farin fenti?"

Kafin la'asar an kwashe guntayen kaba, an share, an shafe bango. Aka tayar da faifan aka jingina shi inda hasken taga ke sauka, aka tokare shi da itace ta baya.

Washegari bas ɗin Birnin Tudu ta iso, mata suka sauko da kwalliyarsu ta biki. Suka ga motocin da Tijjani ya zana a jikin allo, suka ga tukwanen wani magini, suna ta waige-waige. Gidaɗo ne ya naɗa kansa mai gadin ƙofa.

"Nan na, nan na! Kaɗan-kaɗan za a shiga. Masu jiki su shiga a karkace, mun ga abin da ƙofar ga ke yi."

Ta farko da ta shiga Jidda ce, ƙawar Gwaggo tun ta ƙuruciya. Ta tsaya. Ta ɗaga kai ta bi ruwan da ido har ya zagayo, ta sauko kan shinkafar, ta gane hanyar garinsu, ta sa yatsa a kan babur ɗin da ya karkace ta fashe da dariya. Sannan ta dafe ƙirji.

"Taiba! Ke kinka yi wanga? Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba."

Na ga Malama Lailatu ta runtse ido.

"Naki na," in ji Gwaggo. "Ɗauka."

Jidda ta dubi faifan. Ta juya ta dubi ƙofar. Ta sake duban faifan.

"Na amsa, na gode, Allah ya ƙara buɗi," ta ce. "Aje mani shi nan."

Gwaggo ita ma ta dubi ƙofar kamar mai lissafi a zuci, sai dariyar nan tata ta dawo, har tana riƙe bango. Ta gaba ta shigo ta yaba, aka ba ta. Ta bayanta ma haka. Kafin azahar an ba duk matan Birnin Tudu, an ba direban bas ɗinsu, an ba wani malamin Islamiyya daga Maradun da ya tsaya ya yi addu'a mai tsawo kafin ya amsa. A waje har an fara musu, wata tana cewa ita da hantsi aka ba ta, wata tana cewa ita sau biyu aka ba ta don sau biyu ta shiga. Kowa ya tafi da godiya, faifan yana nan a jingine.

Da jama'a suka ragu, Gwaggo ta ja da baya har bakin ƙofa, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce mini duk tsawon rayuwarta a kan cinya take ganin aikinta, ba ta san haka yake daga nesa ba. Ta nuna wani wuri a cikin shinkafar da ta ce koren ya yi yawa, ban ga komai ba.

Malama Lailatu ta zo ta tsaya kusa da ita, takalmanta a hannu saboda gajiya.

"Inna, sannu da aiki. Yanzu sai hutu."

"Hutun mi? Kabar da kunka rino ta yi saura." Gwaggo ta leƙa waje, ta bi jerin ɗakunan da ido. "Malama, wanga ɗaki dai ya cika. Cikin waɗancan, wanne ya fi ƙaramar ƙofa?"